Harsashi da bakin bindiga a tarihin Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Damagaram har zuwa 1884, birnin Zinder ya yi suna wajen makamai. Fatake na kawo bindigogi da farar wuta daga Tarabulus, ta hanyar Gat da Abzin da Damargu. A cikin birni kuwa ana haɗa albarushi, maƙera na zuba igwa ta tagulla, suna gyara bindigar da ta lalace, suna ƙera harsashi. Da wannan ƙarfi ne sarkin ya faɗaɗa mulkinsa, har Muniyo ta ƙasar Gure ta shiga ƙarƙashinsa.

Abin da ya sa maƙera suka iya ɗaukar wannan nauyi shi ne irin bindigar da ake da ita. Ta baka ake ɗura mata, kuma cikin bututunta sumul yake. Dole harsashi ya gaza bakin kaɗan domin ya shige, sai a cike giɓin da tsumma. Saboda haka bindigar ba ta da tsirfa: dunƙulen dalma, guntun ƙarfe, kai har tsakuwa, duk tana ci. Amma wannan sauƙi yana da farashi. Ta giɓin nan ƙarfin albarushi ke zurarewa, harsashi ya fita yana karo da bangon bututu, da wuya ya sami abin da aka auna in ya kai nisan mita 100. Irinta ce maharban karkara suka gada, har a ƙauyukan Kutus da Alakos, arewa da Gure, kuma sunan da Hausawa suka laƙaba mata, harbi-ka-ruga, ya isa bayani.

A Turai kuwa, wannan giɓi aka dukufa wajen toshewa. An daɗe da sanin cewa tsagi mai murɗe a cikin bututu yana juya harsashi ya tafi sak, muddin dalma ta kama tsagin. A 1849 wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga a sake, ya buɗe idan wuta ta tashi. Daga baya aka koma ɗuri ta baya, da kwanso mai haɗe da albarushi da harsashi. Bindigar Gras ta 1874 bakinta milimita 11 ne, Lebel ta 1886 milimita 8. Harsashin wannan ba ya yi wa waccan aiki. Libarbar hafsoshin Faransa ta 1892, mai ɗaki shida, ta ma fi wuyar sha'ani, domin harsashi na barin ɗakinsa ya tsallaka cikin bututu, kuma sai awon wuraren biyu ya dace da nasa. In ya yi ƙanƙanta, harbi ya kauce. In ya yi girma, makamin ya wahala.

Nan ne linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Maƙerin Zinder na iya zuba dalma, amma kwanson tagulla mai awo ɗaya, dubu bisa dubu, aikin inji ne. Sarkin da ya sayi bindigar zamani ya ɗaura kansa ga mai sayar masa da harsashinta. Rabeh ma, a Dikwa, sake cika tsofaffin kwanso mutanensa suka riƙa yi. Turawa sun gane haka sarai: yarjejeniyar Burusal ta 1890 ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogi masu tsagi da harsashinsu, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa.

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 rundunar Faransa ta iso daga yamma, aka gwabza a Tirmini. Dakarun Damagaram sun fi yawa nesa, ga dawaki, ga jarumtaka. Sai dai ƴan bindigarsu na bukatar matsowa kusa kafin harbinsu ya yi tasiri, alhali sojan da ke gabansu na harbi daga ɗaruruwan mitoci, yana sake ɗuri cikin daƙiƙu. Aka karya rundunar, Faransawa suka shiga birni, kuma a watan Satumba na shekarar aka kashe Sarki Amadu.