Tarihin Diyyar Wanda Abin Hawa Ya Kaɗe a Ƙasar Hausa

Haƙƙin mutumin da abin hawa ya kaɗe a kan hanya ya girmi mota a ƙasar Hausa. Tun zamanin da doki da raƙumi da jaki su ne ababen hawa, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zazzau sun fayyace wanda alhaki ke kansa idan dabba ta taka mutum. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora lamunin a kan mutum uku: mahayin dabba, da mai jan ta daga gaba, da mai kora ta daga baya. Abin da dabba ta yi don kanta, ko tana tsaye ba wanda ya zabure ta, shi ne babu biya a cikinsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik ma an kawo shari'ar wani mutum da ya yi sukuwa, dokinsa ya taka yatsan wani, raunin ya zama ajalinsa, aka kai maganar gaban Sayyidina Umar. Ke nan tun farko ma'aunin shi ne: linzami yana hannun wa?

Kisan da ya auku ta wannan hanya kisan kuskure ne, babu ƙisasi a cikinsa, sai diyya da kaffara. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa. Gaɓoɓi ma kowace da nata kaso. Ido ɗaya rabin diyya ne, haka hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5. Raunin da ya warke ya bar naƙasa, kuma ba a yanka masa adadi ba, alƙali ne ke ƙiyasta shi. Kaffara, wato azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba, tsakanin mai laifi ne da Ubangijinsa, kuma yafewar magada ba ta ɗauke ta.

Abin da ya sa wannan tsari ya iya aiki shi ne aƙila, wato dangin mai laifi ta wajen uba. Mutum ɗaya da wuya ya iya biyan raƙumi 100, saboda haka idan diyyar kuskure ta kai sulusi ko fiye, danginsa ne ke haɗa ta, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma cikakkiyar diyya a shekara uku ake biyanta. Abin da bai kai sulusi ba daga dukiyar mai laifin yake fita. Hikimar a fili take: ba a bar jinin wanda aka kashe ya tafi a banza ba, ba a kuma talauta wanda bai yi da gangan ba. Wannan shi ne hukuncin da alƙalan Daular Sakkwato suka gada bayan jihadin 1804.

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bar kotunan alƙalai suna aiki ƙarƙashin sarakuna, amma suka kafa nasu kotunan a gefe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya manyan motoci suka fara jigilar gyaɗa da auduga zuwa tashoshinsa, suna ratsa garuruwan da hanyoyinsu na masu tafiya a ƙasa ne da jakuna. Dokar da Turawan suka zo da ita ba ta fi fiƙihu tausayin wanda aka kaɗe ba. A Ingila sai a 1846 iyalin mamaci suka sami ikon neman diyya a kotu, kuma har zuwa 1945 idan an sami mai rauni da nasa sakacin, ko yaya yake, zai iya rasa komai. Dokar ba ta kuma yanka farashin gaɓoɓi ba. Sai mai ƙara ya tabbatar da cewa direba ya yi sakaci, sannan alƙali ya ƙiyasta kuɗin magani, da abin da ya rasa na samu, da wahalar da ya sha.

Matsalar mai biya ita ce ta haifar da inshorar dole. Ingila ta kafa ta a 1930, Nijeriya ta yi tata dokar a 1945, ta fara aiki a 1950. Dokar ta haramta hawa titi da mota ba tare da inshorar da za ta biya wanda aka raunata ko iyalin wanda aka kashe ba. A ma'ana, kamfanin inshora ya hau kujerar aƙila: jama'a da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan domin a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa. Dokar Jihar Arewa ta 1956 kan haɗurran da ke jawo mutuwa ta yi ƙoƙarin haɗa tsarin biyu, na fiƙihu da na Turawa, domin idan mamacin Musulmi ne, waɗanda ta ɗauka a matsayin iyalinsa su ne masu rabo a cikin diyyar kisan kuskure. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukuncin kisa ko rauni ta hanyar ganganci. Sai dai ɗaure direba daban, biyan mai rauni daban, kuma mutane da yawa har yau suna ɗauka cewa da 'yan sanda sun kai direba kotu magana ta ƙare.

Motoci sun yawaita da arzikin man fetur, aka koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 ƙarƙashin jagorancin Wole Soyinka. Acaɓa ya cika birane, yawancinsa ba inshora. Da Zamfara ta ƙaddamar da dokokin Shari'a a 2000, jihohi 11 suka bi bayanta, diyya ta dawo cikin rubutacciyar doka. Ana lissafa ta da farashin zinariya, dinari 1,000 kuwa ya haura kilo 4, adadin da direban haya ba zai tara ba ko da ya shekara arba'in a tasha. Dangin uba da za su haɗa kuɗin sun warwatsu cikin birane, ba wata hukuma da ke tattara su.

A Nijar hanyar daban ce. Ƙasar tana cikin yarjejeniyar inshora ta CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, wadda ta ɗauki darasi daga dokar Faransa ta 1985. A ƙarƙashinta ba a hana mai tafiya a ƙasa diyyar rauninsa saboda nasa kuskuren, sai in da gangan ya jefa kansa, kuma akwai jadawalin da ake bi wajen ƙiyasta kuɗin.

Mafi yawan shari'o'in a Arewacin Nijeriya ba sa zuwa gaban alƙali. Abin da aka fi gani shi ne mai mota da shugabannin tasha su zo asibiti ko gidan mai ɗori da ledar lemo da kuɗin magani, ko su zo zaman makoki da buhun shinkafa, a yi ta'aziyya, wani dattijo daga dangi ya ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiya abu ce da addini ya yaba, amma haƙƙin mai ita ne. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa tana da kasonta, 'ya'yansa suna da nasu, kuma baffa ba shi da ikon yafe rabon maraya don kunyar idon jama'a. Wanda ya rayu da karayar ƙugu, ɗan dako ko mai tura ruwa, sau da yawa kuɗin da aka ba shi yakan ƙare kafin ƙashin ya haɗe.

A takarda, haƙƙinsa yana nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Daga Janairun 2023 kuɗin inshorar dole na motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, diyyar ɓarnar dukiya ta kai naira miliyan 3. Neman biya daga kamfani yana buƙatar lambar motar, da rahoton 'yan sanda, da takardar likita, da rasiɗin magani. Yana kuma buƙatar takardar inshorar ta zama ta gaskiya, domin da yawa daga cikin waɗanda direbobi ke nunawa a shingen bincike na jabu ne, an saye su ne don a wuce jami'i, ba kamfanin da zai amsa su ranar da aka kaɗe mutum.