Tarihin Matatar Sauti a Fasahar MP3

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin dalilin da ya sa masu matse waƙoƙi a kwamfuta suka saba da datse sauti a wajajen Hertz 16,000. Hertz dai shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sauti a cikin daƙiƙa ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 zuwa kimanin 20,000, kuma siraran sautuka ne ke fara kuɓuce wa mutum idan shekaru suka ja.

Faifan CD da ya shigo kasuwa a 1982 yana cin kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Tsarin MP3, wanda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa na Cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus suka taka rawa wajen samar da shi, aka kuma buga ƙa'idojinsa a 1993, ya ba da damar rage wannan zuwa 128, wato kashi ɗaya cikin 11. Tilas ne ke nan a zubar da wani abu.

Akan ɗauka cewa raunin kunne ne kaɗai ya jawo datsewar. Ba haka abin yake ba, akwai naƙasa a cikin tsarin kansa. MP3 yana kasa sauti gida-gida, kowane gida da ma'aunin da ake daidaita ingancinsa, in ban da gidan ƙarshe, wanda ya fara daga 16,000. Idan ana son wannan gida ya fito tas, sai an ƙara wa dukkan sauran gidajen inganci, girman waƙar ya kumbura a banza. Saboda haka aka ga gara a sa matata ta tare shi tun daga ƙofa.

Manhajar LAME, wadda Mike Cheng ya fara a 1998, ta bar wa mai amfani zaɓin inda zai datse, amma in an ƙyale ta takan tsaya wajen 17,000 a kilobit 128, ta kai wajen 20,000 a 320. Waɗanda suka cire matatar da sunan neman cikakken sauti, garin neman ƙiba suka samo rama, domin gurbin da muryar mawaƙi take buƙata ne aka ɓatar a kan abin da da ƙyar ake ji.

Abin da matata ta zubar kuwa ba ya dawowa. Ko an mayar da waƙar kan CD, hoton sautinta zai nuna miƙaƙƙen layi a daidai inda aka datse, kuma da shi ne masu adana waƙoƙi ke bambance kwafi da na asali.