Nimda da Ƙofar da Aka Bari a Buɗe

Ranar 18 ga Satumba, 2001, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Nimda ta bazu a duniya cikin 'yan sa'o'i. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce imel: a manhajar Outlook Express, duba saƙo kawai ya isa ta kama na'ura. Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka. Waɗanda ta shiga musu ta nan, ba su sauke gyaran ba ne.

A Maris 2023 an toshe wata ɓarakar a Outlook, wadda ba ta ma buƙatar a buɗe saƙon. Don haka ma'aikacin ofis a Daudawa da ke dakatar da sabunta manhaja saboda tsadar data ya sani: masu kutse ma suna karanta sanarwar gyara, sannan su nemi wanda ya yi jinkiri.