Rage Gudun Furosesa a Kwamfutar Cinya

Rage gudun furosesa dabara ce da kwamfuta ke sassauta saurin aikinta da gangan, ko dai don tattalin cajin batir, ko don kare kanta daga zafi. An fi ganin alamarta a kwamfutar cinya, domin sau da yawa da an zare caja sai a ji aikinta ya ɗan yi nauyi. Wannan nauyi yawanci tsari ne da aka gina na'urar a kai.

Yadda take aiki

Furosesa tana tafiya ne da bugun wani agogo na cikinta. Gigahaz 1 na nufin bugu biliyan 1 a daƙiƙa guda. A kowane bugu, ɗimbin tiransistoci kan kunnu ko su mutu, kowane juyi kuwa yana shan wuta, yana kuma fid da zafi.

Abu biyu ne ke ƙayyade yawan wutar da wannan juyi ke sha: yawan bugun agogon, da matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Idan aka rage bugun da rabi, shan wutar ma zai ragu da rabi. Matsi kuwa sau biyu yake shiga lissafi, don haka rage shi da rabi kan mai da shan wutar kashi ɗaya cikin huɗu. Furosesa mai gudu sosai tana buƙatar matsi mai yawa kafin tiransistocinta su juya a kan kari. Da an sassauta gudun, sai a sami damar sauke matsin, kuma a nan ne ribar take.

Tarihi

A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta miƙa wa babbar manhajar kwamfuta ragamar sarrafa wuta. A shekarar 2000 Intel ya fito da dabarar rage gudu ta SpeedStep a cikin Pentium III ta kwamfutar cinya. Samfurin mai megahaz 650 kan sauko zuwa 500 idan an koma kan batir, matsin kuma ya sauko daga bolt 1.6 zuwa 1.35. Bisa lissafin da aka bayyana a sama, gudu ya ragu da kusan kashi 23 cikin 100, shan wuta kuwa da kusan kashi 45. A shekarar ce kuma AMD ya kawo PowerNow!, Transmeta ya kawo LongRun, duka masu irin wannan aiki.

SpeedStep na farko matakai biyu kacal gare shi, sama da ƙasa. Pentium M ta 2003 ta zo da matakai da dama waɗanda ake hawa da sauka gwargwadon nauyin aiki. Turbo Boost na 2008 ya bi ta ɗaya ɓangaren, inda furosesa ke zarce gudunta na asali na ɗan lokaci muddin zafi da wuta sun ba da hali. Daga 2015, da zuwan Speed Shift, furosesocin Intel suka fara zaɓar gudunsu da kansu, wanda ya fi jiran umarnin manhaja sauri.

Matakan aiki da na hutu

ACPI ta bambanta matakan aiki da matakan hutu. Na aiki ana yi musu laƙabi da harafin P, P0 ne mafi gudu. Na hutu kuwa da harafin C: a C0 furosesa na aiki, a na gaba kuma ana dakatar da agogo ko a yanke wa wasu sassa wuta. Ko a tsakanin latsa harafi da harafi, mai rubutu yana ba furosesa sararin yin ɗan gyangyaɗi. Shi ya sa wani lokaci gama aiki da sauri a kwanta ya fi jan sa a hankali tattalin caji.

Rage gudu saboda zafi

Wannan nau'in daban yake da na tattalin batir, yana kuma faruwa ko da caja na jone. Furosesoci da yawa na zamani iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Idan suka kusanci nan sai su sauke gudu, in abin ya ci tura kwamfutar ta kashe kanta. Ƙurar da ta toshe fanka, da man sanyaya furosesa da ya bushe, da ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo har ƙofofin iska su rufe, duk suna jawo shi. A wurare masu tsananin zafin bazara da ƙurar hunturu, irin Arewacin Najeriya da Nijar, matsalar kan zo da wuri. Wasu kwamfutocin kuma kan rage gudu idan aka jona musu cajar da ƙarfinta bai kai ba, ko wadda ba su gane ba.

Saituna

Windows tana da tsare-tsaren wuta na tattali, na tsaka-tsaki da na cikakken ƙarfi, ana kuma iya ƙayyade iyakar gudun furosesa a kan batir daban da na kan caja. A Linux sashen cpufreq ne ke wannan aiki, da zaɓuɓɓuka irin su powersave da performance da schedutil. Apple ya ƙara yanayin tattalin wuta a macOS Monterey a 2021.

Sabbin furosesoci sun haɗa dabarar rage gudu da rabon aiki tsakanin ƙwayoyin furosesa masu ƙarfi da masu tattali. ARM ya gabatar da tsarin big.LITTLE a 2011, M1 ta Apple ta 2020 tana da huɗu masu ƙarfi da huɗu masu tattali, Intel kuma ya bi sahu da Alder Lake a 2021. A ƙananan ayyuka kamar karatu da rubutu, inda furosesa ke yawan hutawa, hasken allo na cikin abubuwan da suka fi shan caji, don haka rage shi kan yi tasirin da ya kai ko ya fi na rage gudun.