Mbari: Haɗuwar Mawaƙa da Masu Zane a Ibadan

A tarihin adabin Afirka akwai lokutan da mai alƙalami da mai zane suka zauna inuwa ɗaya, kowa na ɗiban wuta daga murhun ɗan'uwansa. Ɗaya daga cikin fitattun misalan haka shi ne kulob ɗin Mbari, wanda aka kafa a birnin Ibadan a shekarar 1961, shekara guda bayan Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Amma saiwar labarin a Zariya take. A shekarar 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da ya dame su shi ne yadda ake koya musu zane kamar a Ingila suke, ba tare da waiwayen abin da iyaye da kakanni suka bari ba. Sai suka yanke shawarar kowa ya koma ga gadon al'ummarsa, ya gwama shi da dabarun da ya koya a aji. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki.

A daidai wannan lokaci matasan marubuta na Ibadan suna fama da irin wannan tambaya: yaya mutum zai yi waƙa da Turanci ba tare da ya zama inuwar mawaƙan Ingila ba? Mujallar Black Orpheus, wadda Ulli Beier da Janheinz Jahn suka fara fitarwa a 1957, ita ce ta soma ba su filin gwaji. Da aka buɗe Mbari a wani tsohon gidan cin abinci na Kwarori kusa da kasuwar Dugbe, sai ɓangarorin biyu suka sami zaure guda. A nan Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu suka riƙa cuɗanya da Okeke da Nwoko. Chinua Achebe ne ya ba da shawarar sunan. A ƙasar Ibo ta wajen Owerri, mbari ɗaki ne da jama'ar gari ke haɗuwa su gina, su cika shi da siffofin laka, don girmama Ala, abar bautarsu mai kula da ƙasa. Ashe tun daga sunan an nuna cewa aikin na gayya ne.

Amfanin gayyar bai jima ba ya bayyana. A 1962 Mbari ta buga Heavensgate, littafin waƙoƙin Okigbo na farko, da zane-zanen Nwoko a cikinsa. Mawaƙin ya koma ga Idoto, kogin garinsu Ojoto, ya ɗebo hotunan waƙarsa, kamar dai yadda masu zanen Zariya suka koma ga gadon gida. Haka kuma Mbari ta buga littafin zanen Okeke, ta nuna ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya gina zanensa a kan haruffan Larabci, domin ya tashi a gidan malamin makarantar allo a Omdurman. Wanda ya san zayyanar da ake yi wa allon sauka zai gane wannan dangantaka ta harafi da ado ba tare da dogon bayani ba. Onobrakpeya kuwa shi ya yi zane-zanen littafin D. O. Fagunwa da Soyinka ya fassara daga Yarbanci, wanda ya fito a 1968.

Me kowane ɓangare ya ƙaru da shi? Mawaƙi ya sami mai karatu na farko wanda ba ya amsa masa da sharhi, sai da hoto, kuma hoton kan nuna masa abin da bai san ya faɗa ba. Mai zane kuma ya sami littafi, abin da ke shiga jaka ya kai inda zanen da aka rataye a bango ba zai kai ba.

Sai dai zaman bai ɗore ba. Wani kaso na kuɗin tafiyar da kulob ɗin yana fitowa ne daga wata ƙungiyar raya al'adu mai hedkwata a Faris, wadda aka bankaɗo a 1966 da 1967 cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ke ba ta kuɗi a ɓoye. Ga kuma yaƙin basasa da ya ɓarke a 1967, ya raba abokan. An kashe Okigbo a fagen daga kusa da Nsukka a wannan shekara, Soyinka kuma ya shafe wajen shekara biyu a tsare.

Duk da haka, irin da aka shuka ya tsira. Bayan yaƙi Okeke ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Nsukka, inda Obiora Udechukwu, mai zane kuma mawaƙi, ya gabatar da baje kolin zane don tunawa da Okigbo a 1975.

Ga mai nazarin rubutacciyar waƙa, darasin shi ne ya duba littafi dukansa: wa ya zana bangonsa, wa ya buga shi, wa ya biya kuɗin bugun. Sau da yawa a amsoshin waɗannan tambayoyi ake samun rabin tarihin waƙar.