Tsagar Bango: Daga Maginan Da Zuwa Kankaren Da Ke Ɗinke Kansa

Ran 3 ga watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne, yana tsaye tun wajen tsakiyar ƙarni na 19. Kafin nan, ran 11 ga Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya faɗa wa masallata ana sallar la'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu. Sarkin Zazzau ya ce an ga tsaga a bangon tun kwana ɗaya kafin abin ya auku.

Jama'a, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga magini kuwa, ƙadangaren nan shi ne ruwa. Bari mu duba yadda mutanen da da na yanzu suka yi fama da shi.

Kakanninmu da tubali suke gini, su yi rufi da azarar giginya. Da ƙasa aka yi fadar Damagaram da ganuwar Birni ta zamanin Sarki Tanimun. Da ita kuma Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin nan na Zariya, wajen shekarun 1830. Don kare gini daga ruwa, sukan yi shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorowa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Amma babban sirrinsu shi ne kula. In damana ta wuce, sai a bi bango a toshe kowace tsaga, a sake yaɓe. A manyan garuruwa har Sarkin Magina ake naɗawa, ya shugabanci masu sana'ar.

Daga baya siminti ya zo. A ƙasarmu Nijar, masana'antar Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960. Mutane da yawa suka ɗauka wanda ya yi ginin siminti ya huta da gyara. Ba haka ba ne. Kankare ma yana tsagewa. Ruwa ya bi tsagar ya kai ga ƙarfen da ke ciki, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ƙara buɗe tsagar. A hankali gini ya rasa ƙarfinsa, mai gida bai sani ba.

To, akwai kankaren da ke gyara kansa? Akwai, kuma ba yau aka fara ba. A birnin Rum na ƙasar Italiya akwai wani gini mai suna Pantheon, wanda aka gama wajen shekara ta 125. Faɗin kubbarsa mita 43 ne, ba ƙarfe a cikin kankarensa, yana nan tsaye har yau. A 2023, masana na jami'ar MIT ta Amurka suka bayyana ɗaya daga cikin dalilan ƙarkon ginin Rumawa. Sukan kwaɓa toyayyar farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, sai ƙananan dunƙule farare su rage a cikin kwaɓin. In tsaga ta biyo ta kansu, ruwa ya shiga, sai su narke, su sake daskarewa, su cike tsagar.

A zamaninmu kuma, wani masani na jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Henk Jonkers, ya fara wani bincike a 2006. Ya zuba wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wato bakteriya, cikin kankare tare da abincinsu. Suna kwance kamar iri a busasshiyar ƙasa. Ran da ruwa ya shigo, sai su farka su ci abincin, su fid da farin dutse wanda ke toshe tsagar.

Sai dai mai karatu ya lura: tsagar da wannan kankare ke ɗinkewa ba ta kai milimita 1 ba, kuma ya fi na kullum tsada. Ba ya gyara ginin da aka yi wa rowar siminti ko ƙarfe.

Saboda haka a Kurni, ko Matamai, ko Kance, gyaran gini yana hannunmu. A riƙa ba sabon kankare ruwa har kwana 7. Kada a yi gaggawar cire itatuwan da ke tokare da sabon rufi, gama sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Magini ya gwada katakon da zai taka kafin ya hau, ya sa hular kwano, a kuma hana yara wasa a gindin gini. Kowace kaka a zagaya gida, da masallaci, da makaranta. In an ga tsaga tana ƙaruwa, a fid da mutane tukuna, sannan a kira magini.

Allah Ya kiyaye mu, amin.