Kishiyoyin da Suka Zama Ruwa: Tarihin Maɓuɓɓugar Ikogosi

 Yau tafiya za mu yi zuwa ƙasar Yarabawa, garin Ikogosi a Jihar Ekiti. A can akwai idon ruwa biyu kusa da juna a cikin kurmi, ɗaya mai ɗumi, ɗaya mai sanyi, kowanne ya bi hanyarsa ya gangaro har su haɗu a wuri guda.

Mutanen garin na dā sun ce ai waɗannan ruwaye kishiyoyi ne. Wai miji ɗaya suke aure, ɗaya mai zafin rai, ɗaya mai sanyin hali. Da rikici ya ƙi ƙarewa, sai suka rikiɗe suka zama ruwa, kowacce da halinta. To, kun ji fa, kishi har a ruwa!

Saboda wannan imani, wurin ya zama abin tsoro da girmamawa.  Masu ciwon gaɓoɓi da matan da ke neman haihuwa sukan je su yi wanka, su kuma ɗebi ruwan su tafi da shi gida.

A shekarar 1952 wani ɗan mishan daga Amurka, John McGee, ya kutsa har gindin maɓuɓɓugar duk da gargaɗin da aka yi masa. Daga baya ya gina sansanin matasa a wurin, sannan gwamnati ta karɓe shi ta mai da shi wurin yawon buɗe ido.

To, daga ina ɗumin yake? Ruwan sama ne ke shiga ta tsagar duwatsu ya yi nisa cikin ƙasa, inda akwai zafi, sannan ya dawo sama da ɗuminsa. Haka abin yake a Wikki da ke Yankari a Jihar Bauchi, inda ruwan ke tsaye a kan digiri 31, rani da damina.

Gaskiya ne ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage tsamin jiki. Duk wadda ta taɓa gasa bayanta da tsumma mai ɗumi ta san haka. Amma 'yar uwa, ba ya buɗe toshewar hanyar ƙwai, ba ya warkar da hawan jini. Kuma rashin haihuwa kan iya kasancewa daga wajen maigida, don haka a lallaɓa shi ku je asibiti tare. Kada a ajiye ƙwayar likita saboda galan ɗin ruwan da wani ya kawo tsaraba.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.